Hannun da Ke Hana Gyambon Kwanciya

Mai lafiya ba ya kwana a gefe ɗaya. Ko da zai rantse cewa yadda ya kwanta haka ya wayi gari, jikinsa ya sha motsi cikin dare ba da saninsa ba: ya muskuta, ya miƙe ƙafa, ya janye kafaɗa, ya yi rigingine, ya sake komawa gefe. Duk gaɓar da nauyi ya daɗe a kanta takan kai ƙara ga ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa a gyara kwanciya, mai barci bai ko farka ba. A shekarar 1961 wani likitan tsofaffi a Landan mai suna Norman Exton-Smith, shi da abokin aikinsa, suka maƙala wa gadajen tsofaffin da ke kwance a asibiti wata na'ura mai ƙirga wannan motsi. Cikin waɗanda ke motsawa fiye da sau 50 a dare, ba a sami ko ɗaya da fatarsa ta salɓe ba. Waɗanda ba sa wuce sau 20 kuwa, kashi 90 cikin 100 sun yi gyambo.

To, tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko wanda ƙashin kwatangwalonsa ya karye, ko wadda ruɗewar tsufa ta kai ta ga ba ta iya faɗin inda ke mata ciwo, duk sun rasa wannan motsi na kyauta. Dole wani ya yi musu shi da hannunsa, dare da rana, a kan kari, ba tare da ya ji musu ciwo ba. Wannan aiki ne da ma'aikatan jinya a asibitoci da gidajen kula da tsofaffi suka mayar da shi sana'a mai ƙa'ida, kuma a ganina ba a yaba masa yadda ya kamata. Wanda ya ga nas tana cusa matashi a bayan tsohuwa zai ɗauka gyaran shimfiɗa take yi, alhali kuwa rai take tsarewa.

Yadda gyambon ke samuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙarƙashin fata akwai hanyoyin jini sirara, waɗanda silin gashi ya fi su kauri, su ke kai wa tsoka abinci da iska. A 1930 Eugene Landis ya auna ƙarfin da jini ke tafiya da shi a cikinsu, ya samu wajen 32 a irin ma'aunin da ake gwada hawan jini, wanda a dantsen mai lafiya kan nuna 120. Ka ga ke nan danna kaɗan ya isa ya toshe su. Idan mutum ya kwanta, nauyinsa ba ya bazuwa daidai wa daida. Yakan taru ne a wuraren da ƙashi ya turo: ƙasan gadon baya daidai saman mazaunai, kwatangwalo, diddige, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, da ƙeya. Naman da ke tsakanin ƙashi da katifa sai ya matse. In an ɗaga da wuri, jini ya dawo, wurin ya yi ja na ɗan lokaci, shi ke nan. In aka bar shi sa'o'i, naman ya fara mutuwa. Abin da ya sa ciwon ke yaudarar mutane shi ne tsoka ta fi fata saurin lalacewa, don haka ɓarnar takan faro daga can ciki, kusa da ƙashi, kamar mangwaron da ya ruɓe ta wajen ƙwallo alhali ɓawonsa na sheƙi. Sai bayan kwana biyu ko uku alamar ta bayyana a waje. Ranar da fatar ta buɗe, sai a tarar da rami, wani lokaci har ana hango ƙashi. Daga nan kuma sai ruwa da wari, sai ƙwayoyin cuta su shiga ƙashi ko jini, sai jinyar watanni, in an yi sa'a ke nan.

An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin ƙaddarar mai doguwar jinya. Jean-Martin Charcot, babban likitan jijiyoyi na asibitin Salpêtrière a Faris, inda ake tara dubban tsofaffin mata a ƙarni na 19, ya koyar da cewa lalacewar jijiya ce ke haifar da gyambon, kuma fitowarsa alama ce ta ajali ya matso. Florence Nightingale, a littafinta na 1859 kan aikin jinya, ta ɗora laifin galibi a kan masu jinya, ba a kan cutar ba. Likitan ya fi ta suna a fagen ilimi, amma ita ce ta fi kusa da gaskiya. Sai dai an ɗauki kusan shekara ɗari kafin a tabbatar da hakan a aikace.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara nuna wa duniya hakan shi ne Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya tsere daga Jamus a 1939. A 1944 aka ba shi sashen masu karayar ƙashin baya a asibitin Stoke Mandeville a Ingila, yawancinsu sojojin Yaƙin Duniya na Biyu. A lokacin, wanda lakarsa ta tsinke ba ya daɗewa. Gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ke kashe shi. Guttmann ya kafa dokar a juya kowane mara lafiya duk bayan sa'a biyu, ba dare ba rana, kuma ya tsaya a kanta ba sassauci. Mutanen da aka fid da rai da su suka rayu, har suka yi gasar harbin kibiya a 1948, gasar da ta zama tushen wasannin nakasassu na duniya. Ta ɓangaren tsofaffi kuwa, Marjory Warren ce ta buɗe ƙofa. A 1935 asibitin West Middlesex da take aiki ya karɓi wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, mai ɗauke da mutum 714 da aka yanke wa hukuncin kwanciya har mutuwa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dubawa, ta tayar da waɗanda za su iya tashi, har wasu suka koma gidajensu.

Amma wadda ta mayar da abin ilimin da kowace nas za ta iya riƙewa ita ce Doreen Norton. Ita da Exton-Smith da Rhoda McLaren sun yi bincike a asibitin Whittington a Landan, suka wallafa shi a 1962. Kafin nan, abin da aka saba a ɗakunan jinya shi ne a bi gadaje ana murza bayan marasa lafiya da sabulu, da sinadarin goge fata, da hoda, da mayuka iri-iri, kowace shugabar ɗaki da nata haɗin da take rantsuwa da shi. Binciken ya nuna cewa abin da ke hana gyambo shi ne ɗauke nauyi daga wurin, wato juyawa. Sannan Norton ta tsara wani ɗan ma'auni mai tambaya biyar: yaya ƙarfin jikinsa, yaya hankalinsa, yana tafiya ko yana kwance, yana iya motsa kansa a gado, yana riƙe fitsari da bayan gida? Kowace tambaya maki 1 zuwa 4, jimla 20. Wanda ya samu 14 ko ƙasa da haka, a sa masa ido. Ma'aunin bai cika rabin takarda ba, kuma har yau ana aiki da shi. Daga baya Judy Waterlow ta fitar da nata a Ingila a 1985, Barbara Braden da Nancy Bergstrom suka fitar da nasu a Amurka a 1987, wanda ya ƙara da duba cin abinci da danshin fata da gogayya. Norton ta rasu a 2007, bayan ta zama farfesa a fannin jinyar tsofaffi a wata jami'a a Cleveland.

Maki dai yana gaya wa nas wanda za ta fi damuwa da shi ne kawai. Gwanintar tana cikin abin da take yi in ta isa bakin gadon.

Tana farawa da magana. Ko tsohon ba ya amsawa, takan kira sunansa, ta gaya masa abin da za ta yi, domin jikin da aka taɓa ba sanarwa yakan sandare, jikin da ya sandare kuwa sai an ja shi da ƙarfi. Sai ta yaye mayafi ta duba, kuma dubawar tana da tsari: daga ƙeya zuwa diddige, har bayan kunne in akwai robar iskar numfashi, har cinya in robar fitsari ta bi ta ƙarƙashinta, har tsakanin matsematsi da ƙarƙashin mama inda gumi ke taruwa. In ta ga wuri ya yi ja, sai ta danna da yatsa na ɗan daƙiƙu ta ɗaga. Idan ya yi fari sannan jan ya dawo, jini na gudana, ba a makara ba. Idan jan ya tsaya yadda yake, to ciwo ya riga ya fara, ko da fatar ba ta fashe ba. Wannan shi ne mataki na farko cikin huɗu. Na biyu, fata ta salɓe ko ta yi bororo. Na uku, ramin ya kai kitse. Na huɗu, ya kai tsoka ko ƙashi. Duk rigimar ƙwararriyar nas a kan mataki na farko take, domin a nan ne kaɗai matashi ɗaya ke iya gyara abin da in an bar shi sai likitan tiyata.

Juyawar kanta ba mirgina mutum ake yi gaba ɗaya ba. Wanda bai sani ba yakan kifa tsoho a kan gefensa sosai, ya ce ya raba shi da kwanciyar baya, alhali ya tattara nauyin ne ya ɗora a kan ƙashin kwatangwalo, wanda ya fi ko'ina tsini. Masu sani karkata shi suke yi kaɗan, kimanin digiri 30, su tokare bayan da matashi, ta yadda nauyin zai sauka a kan tsokar ɗuwawu, ƙasan baya ya tashi daga katifa, kwatangwalo kuma bai taɓa ta ba. Nas takan zura tafin hannunta ƙarƙashin ƙugun don ta tabbata wurin a sake yake. Sai matashi tsakanin gwiwoyi, kada ƙashi ya gogi ƙashi. Sai kuma diddige, wanda shi ne na biyu wajen yawan gyambo bayan ƙasan baya, kuma shi aka fi mantawa da shi saboda yana can ƙarshen gado cikin bargo. Diddige ba shi da tsokar kirki, jininsa kuma ba ya da yawa, musamman ga mai ciwon suga. Ba a sa masa matashi a ƙarƙashinsa; ana shimfiɗa matashin ne a tsawon sha-raɓa, daga ƙasan gwiwa zuwa saman idon sawu, diddigen ya rataya a iska bai taɓa komai ba, gwiwar kuma a ɗan lanƙwashe.

Akwai wata ɓarnar da ta fi danna wuyar ganewa. Idan aka ɗaga kan gado sosai don tsoho ya zauna, jikinsa yakan riƙa zamewa ƙasa a hankali. Fatar bayansa na manne da zanin gado, ƙashi kuwa na sulalewa a ciki, sai hanyoyin jinin da ke tsakani su miƙe su yage. Shi ya sa ba a barin kan gado ya wuce digiri 30, sai lokacin cin abinci, ko in numfashi ya tilasta. In kuma ya zame, ba a kama shi ta hammata a ja shi sama. Mutum biyu ke tsayawa, ɗaya a kowane gefe, su sa wani zane mai santsi a ƙarƙashinsa, su ƙirga tare, su sulala shi. Ƙwararru idan suna wannan, za ka ga kamar ba su sa ƙarfi ba. Da ƙafafu da nauyin jikinsu suke aiki, domin ita ma nas tana da bayan da za ta tsare. Bayan an gama, ɗaya ta bi zanin da hannu ta miƙar da duk wata tattara, ta kakkaɓe ɓurɓushin burodi. A fatar ɗan shekara 90, wadda ta yi siriri ta rasa kitse, dunƙulen zani ɗaya na iya barin shaida kafin asuba.

Sauran aikin a tsafta yake da ciki. Fatar da ta jiƙe da fitsari takan yi laushi ta rasa ƙarfi, in kuma aka haɗa da zawo, to ana cikin haɗari. Ana wankewa nan take da ruwan ɗumi, a tsane da tawul a hankali ba tare da dirzawa ba, a shafa man da zai raba fatar da danshi. Tausa a kan wurin da ya yi ja, wadda da ake koyarwa a makarantun jinya, yanzu an hana ta, saboda naman da ya riga ya raunana murzawa na ƙara farfasa shi. Haka ma zoben roba da ake ba mutum ya zauna a kai: yana ɗaga tsakiya, amma yana shaƙe jinin kewaye. Nas mai lura kuma tana kallon kwano. Tsohon da ke mayar da rabin abincinsa, wanda zobe ya fara yi masa yawa a yatsa, fatarsa ba za ta jure ba ko da an juya shi a kan kari. Sau da yawa matsalar ba ta wuce haƙoran roba da suka daina zama daidai ba, ko hannun da ba ya iya kai cokali baki, ga shi ba wanda ya zauna ya ba shi.

Wani abu a nan ya shafe mu kai tsaye. Gwajin yatsa da ja da fari, a kan farar fata aka gina shi. A baƙar fata jan ba ya fitowa fili, don haka matakin farko yakan wuce ba a gani ba, sai fata ta buɗe a ce gyambo ya fito dare ɗaya. Wani bincike da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta wallafa a 2011 ya duba mazauna gidajen tsofaffi masu haɗarin kamuwa: a 2008, kashi 14.6 cikin 100 na baƙaƙe suna da gyambo, farare kuwa kashi 9.6. Binciken ya danganta kaso mai yawa na wannan tazara da irin gidajen da baƙaƙen ke zaune, amma wahalar gano alamar farko ma sananniya ce ga masu aikin. Nas da ta ƙware da baƙar fata, hannunta ta fi dogara da shi a kan idonta. Takan sa bayan yatsunta ta ji ko wurin ya fi kewayensa zafi ko sanyi, ko ya yi tauri, ko ya yi luguf kamar akwai ruwa a ciki. Takan gwada kwatangwalon dama da na hagu. Takan ɗan jiƙa fatar, ta duba da hasken rana ko fitila mai kyau, ta nemi inda ya fi duhu, ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko yana ƙyalli. Kuma takan kalli fuskar tsohon lokacin da ta taɓa, domin ciwo yakan riga launi bayyana.

Dokar sa'a biyu ta Guttmann ta zama kamar karatun sallah a aikin jinya, amma masu binciken baya sun sake auna ta, kuma sun kyauta. Tayar da tsoho sau huɗu ko biyar cikin dare ba ƙaramin abu ba ne. Rashin barci na ƙara masa ruɗewa, ya wuni yana gyangyaɗi, ya ƙi cin abinci. A ƙasar Ailan, Zena Moore ta gwada da tsofaffi 213 a cibiyoyi 12, ta wallafa a 2011: waɗanda ake karkatawa digiri 30 duk sa'a uku cikin dare, kashi 3 cikin 100 suka yi gyambo, waɗanda aka bari a kan al'adar wurin, wato kifawa a gefe duk sa'a shida, kashi 11. A 2013 kuma Nancy Bergstrom ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 942 a gidaje 27 na Amurka da Kanada, dukansu a kan katifar soso mai ƙarfi ta musamman. An raba su uku: sa'a biyu, sa'a uku, sa'a huɗu. Cikin mako uku, kashi 2 cikin 100 kacal suka sami rauni, na sama-sama, kuma ba a ga bambanci tsakanin rukunan ba. Kada dai a karanta wannan a ce an ba da izinin sakaci. Katifar ta musamman ce, kuma a duk juyawa ana duba fata, ana canza ƙunzugu, ana rubutawa. Darasin shi ne tazarar ta danganta da mutumin da shimfiɗarsa, fatarsa ce ke faɗa: in an juya an tarar da shaidar da ba ta gushe ba, to lokacin ya yi tsawo, a rage.

Yadda fata ke tona irin kulawar da aka yi ne ya sa masu auna ingancin kula da lafiya suka riƙi gyambon kwanciya da muhimmanci. Avedis Donabedian, Ba'armeniye haifaffen Beirut da ya koyar a Jami'ar Michigan, ya nuna a 1966 cewa ana duba inganci ta fuska uku: kayan aiki da ma'aikata, yadda ake gudanar da aikin, da abin da ya sami mara lafiya a ƙarshe. Da wuya a sami ciwon da ya haɗa ukun kamar wannan. Gidan tsofaffi na iya shafa fenti, ya dasa furanni a ƙofa, ya buga takardar talla mai sheƙi, amma bayan tsohon da ke ɗaki na ƙarshe zai faɗi ko akwai katifar kirki, ko ma'aikatan dare sun isa, ko ana ciyarwa, ko ana canza jiƙaƙƙen zani. Juyawa na son mutum biyu. In mace ɗaya aka bar wa tsofaffi talatin daga magariba zuwa safe, ko ta fi kowa ƙwarewa, gyambo zai fito, kuma ba laifinta ba ne.

Ƙasashe sun bi hanyoyi daban-daban. A Holan, Jami'ar Maastricht ta fara ƙidayar shekara-shekara a 1998: rana guda ake warewa, a duba fatar marasa lafiya a cibiyoyin da suka shiga, kowace ta ga matsayinta. A Jamus, ƙa'idar aikin jinya ta farko da aka tsara wa ƙasa baki ɗaya, a shekarar 2000, a kan wannan ciwo aka yi ta. Japan ta bi ta aljihu a 2002, ta rage kuɗin da ake biyan asibitin da bai kafa tawagar yaƙi da gyambo ba. A Birtaniya, inda wani ƙiyasi na 2004 ya ce jinyarsa na cin fam biliyan 1.4 zuwa 2.1 a shekara, wajen kashi 4 cikin 100 na kuɗin hukumar lafiya, ƙa'ida ita ce a auna haɗarin mutum cikin sa'a shida da kwantar da shi. Dalilin gaggawar a fili yake: tunda ɓarnar na ɗaukar kwanaki kafin ta fito, gyambon da aka gani yau mai yiwuwa an same shi ne a daren da tsohuwa ta faɗi ta kwana a ƙasa, ko a kan gadon turawa tana jiran likita. In ba a duba an rubuta tun a ƙofa ba, ba za a san inda za a gyara ba.

Amurka kuwa, daga Oktoban 2008, shirin inshorar tsofaffi na gwamnati ya daina biyan asibiti ƙarin kuɗin jinyar gyambo mataki na uku da na huɗu in a asibitin aka same shi. Niyyar mai kyau ce, amma ni ina ɗari-ɗari da duk tsarin da ke hukunta mai faɗin gaskiya. Masu bincike a Jami'ar Chicago da suka gwama rahoton da gidajen tsofaffi ke bayarwa da takardun asibitocin da aka kai mazaunansu, sun tarar da gyambuna da yawa da ba a kai rahotonsu ba. Haka takardar juyawa da ake ratayewa a gindin gado: ana iya cike ta tsaf da ƙarfe shida na safe, kowane layi da sa hannu, alhali ba a taɓa mutumin ba tun goman dare. Shugabar ɗaki da ta san aikinta ba ta tsayawa a takarda. Takan ɗaga bargo da kanta. In kuma gyambo ya fito, takan tara ma'aikata a bi sawu: yaushe aka fara ganin alama, wa aka gaya wa, katifar iska da aka nema kwana nawa ta yi kafin ta iso, ranar mutum nawa ke bakin aiki? A wasu asibitocin Birtaniya akan manna jadawalin wata a bango inda kowa zai gani, a shafa kore a ranar da ba a sami sabon gyambo ba, ja a ranar da aka samu. Ƙaramar dabara ce, amma tana ba mai aikin dare abin da za ta nuna, ita da nasararta ba ta barin alama.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa Charcot bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Wata nas a jihar Indiana, Karen Lou Kennedy, ta bayyana a 1989 wani irin rauni da ke fitowa kwatsam a ƙasan bayan waɗanda ajalinsu ya kusa, ko da ana kula da su yadda ya kamata. Fata ma gaɓa ce, in zuciya ta gaza tura jini, takan gaza kamar yadda ƙoda ke gazawa. A irin wannan hali gwanar nas takan sassauta wa agogo. In juyawa na sa mai jinyar ƙarshe kuka, sai ta ba da maganin ciwo tukuna ta jira ya kama, ko ta wadatu da ɗan zare matashi nan ta mayar can, ta rubuta dalilinta, ta kuma yi wa iyali bayani don kada su zaci sakaci ne.

A ƙasar Hausa tsoho a ɗakinsa yake jinya, hannun 'ya'ya da surukai da jikoki, ko a asibiti ma ɗan'uwa ne ke kwana a gindin gado. Hawan jini ya sa shanyewar ɓarin jiki ta yawaita, don haka wannan ilimi na gida ne kafin ya zama na ma'aikata. Ƙauna ba ta yi ƙaranci ba; abin da ke faruwa shi ne ƙaunar kan bi hanyar da ke cutarwa. Ana shimfiɗa leda a kan katifa don kada fitsari ya ɓata ta, a kwantar da tsoho a kai cikin zafin bazara, bayansa ya wuni cikin gumi. Ana rage masa ruwan sha don a rage wanki. Ana jingina shi da bango a kan tabarma tun hantsi har la'asar don ya ga masu zuwa gaisuwa. Kunya kuma na hana ɗa ya duba ƙugun mahaifiyarsa, ko suruka ta duba na surukinta, sai wari ya tona. Gyaran bai fi ƙarfin talaka ba: ledar ta koma ƙarƙashin zanin auduga mai kauri da za a riƙa canzawa, a tanadi matasai huɗu ko biyar ko da na tsumma ne, zama kada ya wuce sa'a biyu a jere, a ba shi ƙwai da wake da nono da ruwa isasshe. A ware mace ga mace, namiji ga namiji, wanda zai duba fata kullum lokacin wanka, da rana, ƙofa a buɗe don haske. Lokutan sallah biyar sun riga sun raba yini. A ƙara juyi ɗaya da hantsi, ɗaya kafin azahar, biyu ko uku tsakanin isha'i da asuba, a raba kwanan tsakanin mutanen gida don kada ya faɗa kan mutum ɗaya. Mai juyawa ya durƙusa ya ce, "Sannu Baba, zan ɗan karkata ka wajen taga," ya jira ya ga an ji shi, sannan ya sa hannu ɗaya a kafaɗa, ɗaya a kwatangwalo. In kuma aka ga wuri ya yi duhu ko tauri, a ɗauke nauyi daga kansa gaba ɗaya, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a barbaɗa masa komai, a nemi ma'aikacin lafiya ya gani tun fatar ba ta buɗe ba.